M.I Abaga tsakanin rediyon Legas da gambarar lungu

A watan Oktoba na 2017, Jude Abaga, wanda aka fi sani da M.I, ya saki waƙar da ya sa wa suna "You Rappers Should Fix Up Your Lives", inda ya yi wa mawaƙan gambarar zamani na Najeriya faɗa irin na babban wa. Abin da ya ce a dunƙule shi ne sun yi sake har takwarorinsu na Afirka ta Kudu sun yi musu fintinkau, kuma da zarar ɗayansu ya ɗan yi suna sai ya jingine baitoci masu nauyi ya koma rera amshi mai daɗin kunne don ya samu karɓuwa. Cikin 'yan kwanaki martani ya cika gari, wasu a waƙe, wasu a Twitter, kuma mafi zafin martanin bai tsaya tantance ko maganar gaskiya ce ba. Tambaya aka mayar masa: wane ne ya nuna wa yaran wannan hanya, in ba mutumin da ya kusa shekara tara yana cin moriyar rediyon Legas ba?

Ga matasan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende, wannan takaddama ba ta nesa ba ce. An haifi M.I a Jos ranar 4 ga Oktoba 1981, asalin iyayensa Takum ne a Jihar Taraba, kuma duk da cewa shi ba Bahaushe ba ne, ya tashi a garin da Hausa ce harshen kasuwa da tasha da filin ƙwallo. Shi ya sa a teburin mai shayi da shagon cajin waya ake lissafa shi cikin namu, kamar yadda ake lissafa ƙaninsa Jesse Jagz da abokin tafiyarsu Ice Prince. Wanda aka ɗauka na gida kuwa, hisabin da ake yi masa ya fi na bare tsanani. Akwai masu cewa ya bi kasuwa tun da daɗewa, akwai masu cewa ba don shi ba da gambara ba ta taɓa zama a sahun gaba ba a ƙasar nan, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da zai nuna. Domin a fahimci inda gaskiya ta fi rinjaye, dole a fara duba yadda kuɗin waƙa yake shigowa a Legas a shekarun da ya yi tashe.

Yadda rediyo ya zama alƙali

Kafin 1992 gwamnati ce kaɗai ke da gidajen rediyo a Najeriya. A wannan shekarar mulkin Janar Ibrahim Babangida ya fitar da doka mai lamba 38, wadda ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Tashar Ray Power ta Raymond Dokpesi ta fara aiki daga Alagbado a 1994, Rhythm ta kamfanin Silverbird ta biyo baya a 1997, Cool FM a 1998, Wazobia FM mai magana da Turancin buroka a 2007, sannan The Beat a 2009. Tun daga farko hannun da ke riƙe da makirufo da hannun da ke riƙe da mawaƙi sun kasance kusa da juna, domin Kenny Ogungbe, wanda ya yi suna tare da Dayo Adeneye a shirye-shiryen Ray Power da AIT, shi ne ya kafa kamfanin Kennis Music da ya fito da ƙungiyar The Remedies, wadda Eedris Abdulkareem haifaffen Kano yake cikinta.

Abin da mai sauraro bai cika sani ba shi ne sayar da faifai bai taɓa riƙe mawaƙin Najeriya ba. Dillalan kasuwar Alaba da ke Ojo sukan biya mawaƙi kuɗi dunƙule sau ɗaya su karɓi kundinsa, daga nan faifan ya bazu a hannun masu talla a cunkoson motoci, na gaske da na jabu a haɗe, ba tare da wani ƙarin kobo ya koma wa mai waƙar ba. Gidajen rediyon ma ba su kasance masu biyan haƙƙin waƙa cikin sauƙi ba, har ta kai a ƙarshen 2013 ƙungiyoyin masu gidajen watsa labarai suka ba da sanarwar daina sa waƙoƙin 'yan ƙungiyar COSON, mai karɓar wa mawaƙa kuɗin haƙƙin waƙa, saboda jayayya kan wannan kuɗi. Kuɗin gaske yana wurin wasannin da kamfanonin giya da na sadarwa ke ɗaukar nauyi, da bukukuwan masu hali, da kwangilar zama jakadan kamfani, da kuma ɗan guntun waƙar da mai kira yake ji kafin a ɗaga waya, wanda kamfanonin sadarwa suka riƙa sayarwa miliyoyin mutane. Duk waɗannan suna bukatar abu guda, wato waƙar da mutumin da bai damu da gambara ba zai iya ganewa ya bi amshinta. Guntun waƙar waya bai wuce daƙiƙa talatin ba, kuma ba a yanko shi daga tsakiyar baiti mai sarƙaƙiya, daga amshi ake yanko shi. Rediyo shi ne tallan da ke kai mawaƙi ga wannan kuɗi, shi kuma rediyo yana son waƙar minti uku zuwa huɗu, mai amshin da zai iso da wuri, mai kiɗan da zai dace da direban da ya maƙale a kan gadar Third Mainland, wadda babu kalmar da za ta jawo wa tasha tarar NBC a cikinta. A kan wannan kuma akwai tsohon koke na ƙananan mawaƙa cewa sai an ba da na goro kafin a sa waƙar wanda ba shi da kamfani a bayansa.

Kafin M.I ya iso, an riga an ga makomar wanda ya ƙi bin wannan tsari. Mawaƙin gambara Modenine ya lashe kyautar gwanin baiti ta Headies, bikin karrama mawaƙan Najeriya, har sau bakwai, masana suna rantsuwa da alƙalaminsa, amma bai taɓa kusantar kasuwar D'banj ko P-Square ba. A lokacin, abin da aka yarda da shi a Legas shi ne gambarar Turanci zalla tana kawo girma, ba ta kawo abinci.

Hanya biyu da M.I ya bi

M.I ya dawo daga karatu a kwalejin Calvin da ke jihar Michigan ta Amurka a 2003, ya tarar da Jos tana tafasa da matasa masu kiɗa. Shi da Jesse Jagz da Ice Prince da Ruby Gyang sun yi shekaru suna aiki a ƙaramin situdiyo, suna haɗa kiɗansu da kansu, kafin ya shiga kamfanin Chocolate City na lauya Audu Maikori, wanda a lokacin yake Abuja. Akwai wani abu a tarihin wannan kamfani da ake yawan mantawa: mawaƙinsa na farko shi ne Jeremiah Gyang, ɗan Jos, kuma waƙar da ta fara ɗaga sunan kamfanin a faɗin ƙasa, "Na Ba Ka", da Hausa aka yi ta. Zan dawo kan wannan daga baya, domin yana da nauyi a hukuncin da za a yanke.

Waƙar da ta fara jawo masa hankalin masana ita ce "Crowd Mentality", wadda ta ci kyautar gambara a bikin Hip Hop World (tsohon sunan Headies) na 2008, kuma jigonta shi ne sukar masu bin yarima a sha kiɗa. Wadda ta buɗe masa rediyon Legas kuwa ita ce "Safe", tare da Djinee a amshi, inda ya ɗauko layuka daga waƙoƙin da ke tashe a ƙasar ya saƙa su cikin baitocinsa. Wannan dabara ce ta mai hankali, domin mai sauraro yana jin abin da ya riga ya sani, yana murmushin ganewa, bai ankara ba ya saurari baitoci cikakku na gambara har ƙarshe. Kundin Talk About It ya fito a Disamban 2008, a shekarar da ta biyo baya ya ɗauki kyaututtuka biyu a bikin MTV na Afirka da aka yi a Nairobi, sai kundi na biyu, MI 2, a Nuwamban 2010, wanda ya ɗauko Waje da Flavour da Brymo da 2face suka riƙe masa amshi. Daga nan babu mai gardamar cewa mawaƙin gambara zai iya tsayawa dandali ɗaya da manyan mawaƙan rawa, a biya shi kamar yadda ake biyansu.

A cikin wannan kundi na biyu akwai waƙar "Wild Wild West", wadda ya yi kan rikicin Jos. Duk wanda yake da dangi a Filato ya san abin da shekarun nan suka ƙunsa: Satumban 2001, Nuwamban 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, makonni biyu kacal kafin fitar kundinsa na farko, sannan Janairu da Maris na 2010. Musulmi da Kirista sun binne 'yan'uwansu, unguwanni sun rabu gida biyu, kuma da yawa daga cikin masu sana'a a Mile 12 da Agege a yau wannan wutar ce ta koro su. M.I bai kau da kai daga garinsu ba, ya yi masa kuka a tsakiyar kundin da aka shirya domin kasuwa, kuma wannan hujja ce babba a hannun masu kare shi. Sai dai waƙoƙin da tashoshi suka yi ta maimaitawa safe da yamma su ne na soyayya da na nishaɗi. Waƙar Jos ta zauna a cikin faifai tana jiran wanda zai nemo ta.

Ita kuwa ɗaya hanyar ita ce jerin kundayen da ya kira Illegal Music, na farko a 2009, na biyu a 2012, na uku a 2016. Waɗannan a kyauta ya sake su a intanet, domin ya hau kan kiɗan wasu ne ba tare da sayen izini ba, don haka doka ba za ta bar shi ya sayar ba. A nan ne ake jin M.I ɗin da 'yan lungu suke so: baitoci masu tsawo, babu gaggawar kaiwa ga amshi, ga baƙin mawaƙa na bayan fage waɗanda rediyo bai san sunansu ba. Tsarin a bayyane yake. Kundin sayarwa na rediyo ne da kamfanoni, kundin kyauta na masana ne. Hausawa sun ce ba a tauna taura biyu, amma shi ya yi shekaru yana taunawa, kuma cikin adalci dole a ce ba a samu wanda ya iya hakan kamarsa ba a zamaninsa.

A ganina, a nan ne matsalar take, kuma ta fi zargin cin amana zurfi. Wannan rabo ya koya wa kasuwa da masu tasowa darasi guda ba tare da an furta shi ba: gambara mai nauyi abar kyauta ce, abin da ake biya shi ne amshi. Yaron da ke kallon M.I daga Surulere ko Kaduna bai ga mutumin da ya tilasta wa rediyo karɓar baiti mai wuya ba. Abin da ya gani shi ne mutumin da ya ware mai wuyar gefe guda, ya kai wa rediyo mai sauƙin. M.I yana da ƙarfin riƙe biyun saboda shi marubuci ne kuma mai haɗa kiɗa, ga kamfani a bayansa, ga suna da ya riga ya kafu. Yaron da ba shi da kuɗin situdiyo sai na waƙa ɗaya tilas ya zaɓa, kuma zai zaɓi wadda za ta iya dawo masa da kuɗinsa.

Shekarar faɗan

Kundin The Chairman na Oktoban 2014 ya zo da baƙin mawaƙa sama da ashirin, kusan kowace waƙa da mai riƙe mata amshi, kuma a nan ne gunagunin tsofaffin masoya ya fara fitowa fili. A 2015 ya zama shugaban ɓangaren waƙa na Chocolate City, ya koma mai sa hannu a kan kasafin kuɗi, mai zaɓen waƙar da za a kashe wa kuɗin bidiyo, kuma cikin waɗanda kamfanin ya tura gaba a ƙarƙashinsa akwai mawaƙan rawa da na soyayya irin su Koker da Dice Ailes da CKay. A watan Satumban 2017 ya zauna doguwar hira mai zafi da 'yan jaridar kiɗa na Pulse a shirinsu na Loose Talk, inda aka faɗa masa a gaban idonsa cewa aikinsa ya ja baya. Wata guda bayan haka waƙar faɗan ta fito.

Kwatancen da ya yi da Afirka ta Kudu yana da tushe. A 2015 Cassper Nyovest ya cika zauren The Dome na Johannesburg mai ɗaukar mutum 20,000 da gambara, a 2016 ya koma filin wasa na Orlando, kuma a lokacin da M.I yake faɗansa yana shirin hawa filin FNB. AKA da Nasty C suna tashe, tashoshin can suna sa gambara a matsayin abin yau da kullum. Amma kwatancen ya tsallake bambancin kasuwa, domin mawaƙin can yana da shagunan sayar da faifai na halal da hukumomin karɓar haƙƙin waƙa da suka daɗe suna aiki, abin da ɗan'uwansa na Legas bai samu ba. Ɗora laifin a kan lalacin mawaƙa kaɗai bai yi wa lamarin adalci ba, musamman daga bakin wanda ya fi kowa sanin lissafin, tunda a teburinsa ake yin sa. Masu martanin da suka ce shugaban kamfani ba zai kashe kuɗi a kan mawaƙan rawa da safe ya zagi masu bin rawa da yamma ba, sun faɗi abin da ke da wuyar amsawa. Akwai ma misali a cikin gidansu, domin Jesse Jagz ya bar kamfanin ya fitar da kundin Jagz Nation a 2013 bisa son ransa, masana suka yaba, kasuwa ta yi sanyi, kuma a 2015 ya dawo.

Duk da haka ba zan bi masu cewa faɗan munafunci ne ba. Abin da ya biyo baya ya nuna da gaske yake. A watan Agustan 2018 ya tsaya a bayan kundaye uku na gambara zalla da suka fito a jere, na A-Q da Loose Kaynon, na Blaqbonez, da nasa mai suna Yxng Dxnzl, wanda ya yi magana kan ciwon damuwa da ƙimar kai, har da muryar zaman ganin likitan ƙwaƙwalwa a tsakanin waƙoƙi. Babu mai neman rediyon Legas da zai yi irin wannan kundi. A 2019 cacar bakinsa da mawaƙin gambara Vector ta dawo da hankalin jama'a kan baiti na wasu watanni, a Maris na 2020 ya bar Chocolate City, kuma a shekarar ya fitar da aikin haɗin gwiwa da A-Q wanda ya taɓo mulki da annoba. Mutum ne da ya ga illar abin da ya taimaka wajen ginawa, ya kuma sa kuɗinsa da sunansa wajen gyara. Kasuwa dai ba ta sauya ra'ayi ba: waƙar da ta fi kowace tafiya duniya daga kamfanin da ya shugabanta ita ce ta soyayyar nan ta CKay da ta fito a 2019, wadda TikTok ya ɗaga a 2021.

Wane asali ake magana a kai

Akwai tambayar da ɓangarorin biyu suka tsallake, kuma ita ta fi shafar mu. Idan aka ce mawaƙi ya bar asalinsa, wane asali ake nufi? Ga yawancin masu gardamar 2017, ma'aunin gambara ta gaskiya daga New York aka ɗauko shi, daga unguwar Bronx inda DJ Kool Herc ya yi bikin nan na Agustan 1973 da ake ɗauka mafarin wannan kiɗa: Turanci mai kauri, ƙafiya mai hawa-hawa, habaicin da sai wanda ya san Amurka zai gane. Shi kansa M.I wannan ma'auni yake girmamawa. A 2017 kamfaninsa ya kai ƙarar Nas, shahararren mawaƙin gambara na Amurka, a wata kotun New York kan dala 50,000 da ya ce ya biya tun 2013 domin baiti guda, kuma sai a kundin The Guy na 2022 aka ji muryar Nas tare da tasa. Dogon jiran ya nuna inda yake ganin hatimin sana'ar yake.

Amma a cikin Legas ɗin nan aka nuna cewa akwai wani asalin. Dagrin, yaron Meiran da ke maƙwabtaka da Agege, ya hau rediyo da Yarbancin titi tsantsa a kundinsa na 2009, kafin hatsarin mota ya ɗauke shi a Afrilun 2010. Olamide na Bariga ya ɗora daga nan, ya ci kyautar kundin shekara ta Headies sau uku a jere, Phyno shi ma ya hau rediyo da harshen Ibo, kuma a 2015 su biyun suka haɗu da Reminisce a waƙar da ta faɗa ƙarara cewa titi ya karɓi ragama daga masu Turanci. Waɗannan ba su raba aikinsu gida biyu ba, domin mutanen da suke yi wa waƙa su ne mutanen da suka fito daga cikinsu, kuma tashoshi suka bi su dole saboda masu sauraro sun riga sun tafi can. Mu ma muna da wannan misali tun kafin a haifi gambarar zamani. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya shafe shekaru muryarsa da kuntiginsa ba su bar rediyo ba, ya zaga ƙasashen duniya, amma bai daina yi wa karen mota da lebura da matar da aka yi wa auren dole waƙa ba. Ba a taɓa jin an ce rediyo ya raba shi da talakawa ba, saboda da harshensu ya shiga, da damuwarsu kuma ya zauna.

Idan aka auna M.I da wannan ma'auni, hukuncin yakan canja kama. Bai ci amanar gambara ba, ya ma yi mata hidimar da kaɗan suka yi. Abin da ya rage a baya a tafiyarsa daga Jos zuwa Legas shi ne harshen garin. Kamfanin da ya fara da waƙar Hausa, kuma ya tara gwanayen Jos uku a lokaci ɗaya, ya ci kasuwar Legas da Turanci da buroka, Hausa ta koma abin yayyafawa a layi ɗaya ko biyu. Ice Prince ya yi waƙa a 2012 yana jero sunayen manyan Arewa, ya kuma ɗauki kyautar BET a 2013, amma jikin aikinsa Turanci ne. Ba na ɗora musu laifin zaɓen harshen da suka fi iya rubutu da shi, kuma na san cewa a shekarun da Jos take ƙonewa, harshen Hausa kansa ya ɗauki nauyin siyasa da addini wanda Yarbanci bai ɗauka ba a Bariga. Amma sakamakon a fili yake. A lokacin da Yarbawa da Ibo suka samu wanda ya dasa harshensu a tsakiyar rediyon ƙasa, 'yan Arewan da suka fi kowa kusa da makirufo ba su yi wa Hausa wannan aiki ba, kuma irin wannan dama ba ta cika dawowa ba.

Gambarar Hausa ta ci gaba da girma a wani wuri dabam. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta ba ta fili ta shirin Zafafa Goma na Nomiis Gee, ClassiQ ɗan Bauchi da Morell ɗan Borno da DJ AB na Kaduna suka tara mabiya masu yawa, kuma M.I ya hau waƙa ɗaya da ClassiQ, abin da ya nuna ya san da su. Sai dai wannan kasuwa ce ta Kano da Kaduna da Jos da waya. Matashin da ke rubuta baiti da Hausa a Agege yana tsakanin bango biyu. Manyan tashoshin kasuwanci na Legas suna lissafin masu talla ne, masu talla kuma ba sa ganin ɗan acaba da mai gadi da mai sayar da tumatir a matsayin kasuwar da za a kashe wa kuɗi, ko da yake yawansu a jihar ba ƙarami ba ne. Shirye-shiryen Hausa da ake samu a tasha irin Bond FM ta gwamnatin tarayya sun fi karkata ga labarai da gaisuwa da faɗakarwa. Idan ya juya Arewa kuma, zai tarar da hukumar tace fina-finai ta Kano da aka kafa a 2001 da sharuɗɗanta, da masu sauraron da suka fi sabawa da waƙar nanaye, da kuma masu yi masa kallon ɗan Kudu.

Ga shi kuwa abin faɗa bai ƙare masa ba. Rikicin Mile 12 na Maris 2016, da hana acaba a ƙananan hukumomi shida da gwamnatin jiha ta yi daga Yunin 2022, da rusau a kasuwanni, da rayuwar yaron da aka haifa a Zangon Agege yana jin Yarbanci kamar Hausa amma ana tambayarsa jiharsa ta asali a duk inda ya nemi aiki, duk batutuwa ne da aka ƙirƙiri gambara domin irinsu. Hanyar da ta rage masa ita ce wadda jama'arsa suke bi tun da: mai tura waƙa a shagon caji, katin waya, Xender, sannan Audiomack da YouTube. Wannan ya rage ikon mai gabatar da shiri, amma bai kawar da matsin da M.I ya yi kuka da shi ba, domin TikTok yana neman guntun da ya fi na waƙar waya gajarta, kuma kuɗin da ake samu daga sauraron cikin gida a manhajoji ƙalilan ne idan aka kwatanta da na Turai da Amurka.

Abin da M.I ya yi a Agustan 2018, wato ɗaukar sunan da rediyo ya ba shi ya jingina wa waɗanda rediyo bai sani ba, shi ne mafi amfanin abin da tsohon hannu zai iya yi, kuma Blaqbonez shaida ne cewa yana aiki. Waɗanda suka ci gajiyar wannan tallafi masu Turanci da buroka ne. Ni dai ban ga wani daga cikin manyan da Jos ta haifa ya ɗauki mawaƙin Hausa na Legas ya tsaya masa a kundi cikakke, da kuɗin bidiyo da kai shi gaban masu tsara waƙoƙin tasha, kamar yadda Olamide ya yi wa yaran titin Yarbawa ɗaya bayan ɗaya a kamfaninsa na YBNL tun daga 2012.